Na Shafa Wa Kekenka Mai, Malam

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda na saba yi maka, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya sa makwancinka ya yi maka sauƙi. Mu nan Barnawa muna nan yadda ka bar mu. Yayarka, Yaya Binta, tana tare da ni tun ranar da aka kai ka, ta ce ba za ta koma Unguwar Sanusi ba sai na fita takaba. Ummi tana zuwa makaranta. Ni kuma ina taɓa ɗinki kaɗan-kaɗan a cikin gida.

Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Ummi ce ta ce in rubuta za ta sa a shafinta na intanet, saboda abokan hawan kekenka suna ta tambaya, kowa da irin labarin da ya ji game da ranar Asabar. Ni ban iya yi wa jama'a bayani ba, kai na saba gaya wa magana. To kai zan gaya wa, su kuma su karanta. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Malam, saura kaɗan in kashe maka 'ya. Da hannuna, da man keken ɗinki.

Bari in fara daga farko.

Ka tuna ranar da ka shigo da keken nan cikin ƙaton kwali? Na ɗauka talabijin ka saya mana. Da ka buɗe na ga keke, har na juya zan koma madafa, ka riƙo ni ka ce in tsaya in gani. Ka nuna mini tayoyinsa masu kauri da haƙora kamar na motar gona. Ka nuna mini shakazoba gaba da baya, ka danna keken ya lotsa ya dawo kamar katifa. Ka nuna mini sirdin da ke sauka ya tashi in an taɓa wani ɗan ƙarfe. Ka ce in ɗaga shi, na ɗaga, ban yarda abu mai girma haka zai yi wannan rashin nauyi ba. Ka ce na hannu ne daga waje, an ƙera shi don hawa dutse da gangarowa, ba don zuwa kasuwa ba. Da na tambaye ka tsadarsa sai ka fara yabon tuwon da na yi jiya.

Bai taɓa kwana a waje ba. Ka kafa ƙugiya a bangon falo ka rataye shi, sama da kujerar baƙi. Ni na raɗa masa suna Alhajin Falo, saboda ba ya gaishe da kowa kuma kowa sai ya ɗaga kai ya dube shi. Baƙi su zo, kafin a kawo ruwa har ka miƙe kana juya musu taya.

Ranar farko ka sa na riƙe maka kansa, ka hau ka zauna, kana duban wani ɗan zoben roba a jikin shakazoba. Ka sauka, ka ƙara iska da wani ɗan ƙaramin famfo, ka sake hawa. Sau nawa muka yi haka ban sani ba, miyata dai ta kama a ƙasa. Da ka gama ka ce, “Yanzu keken nan ya san nauyina.”

Abu ɗaya ka hana ni. Ka ce komai na gidan nan in taɓa, ban da wannan, kai za ka riƙa wanke shi da kanka. Ba ka faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗauka irin son da maza ke yi wa kayansu ne.

Duk Asabar kana idar da asuba za ka sa hular kwano da abin kare gwiwa ka fita. Ba na iya karyawa sai na ji ƙarar tayar baya a bakin get, wannan ƙara mai kama da ta ƙudan zuma. Ka sha dawowa da ƙujewa a gwiwar hannu kana dariya, ni ina dafa ruwan zafi ina faɗa. Shekara da shekaru na sa a raina cewa a kan dutse za a ɗauko min kai. Sai ga shi a kan tabarmar falo ka tafi, bayan la'asar, shayinka bai ko huce ba, keken yana rataye a samanka ko ƙura babu.

Ummi kuwa kai ka koya mata. Tun tana ƙarama ka saya mata nata, mai shakazoba a gaba kawai, ka riƙa fita da ita duk da maganar mutane. Ina jin ka a tsakar gida kana ce mata ta dubi inda take son zuwa, kada ta dubi dutsen da take tsoro. Ka yi mata alkawari cewa ran da ta ƙware za ta hau naka. Bayan rasuwarka ta daina zama a falo. In za ta wuce sai ta sunkuyar da kai don kada ta ga bangon.

Akwai abin da masu karatu ya kamata su sani, kai ka san shi. Ummi ba sunanta na yanka ba ne. Ita ce 'yata ta fari, kuma sunan Hajiya mahaifiyarka aka sa mata. Kunya biyu ke nan a bakina. Tun da aka raɗa sunan ban taɓa furta shi ba. Ranar da muka kai ta makarantar firamare malamin ya tambaye ni sunanta, na zungure ka da gwiwar hannu, ka yi kamar ba ka ji ba har sai da na kusa nutsewa, sannan ka faɗa. A hanyar gida kana ta tsokanata, wai wata rana sai na faɗe shi da bakina kana ji. Na ce ba a duniyar nan ba.

Takaba zama ne mai tsawo, Malam. Damina ta sauka, falo ya yi sanyi, komai ya ɗauki laima. Wata Juma'a ina ba keken ɗinkina mai kamar yadda na saba, na ɗaga kai sai na ga ja-ja a jikin faifan nan biyu na ƙarfe da ke tsakiyar tayoyin kekenka. Tsatsa ce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ko wata nawa ba a yi ba, har abin da ka fi so ya fara lalacewa a gabana ina kallo.

Ni abin da na sani a sana'ata shi ne, ƙarfe in ya ga mai ya rayu. Na taka kujera na ɗiga wa sarƙa, na ɗiga wa duk inda ke motsi. Faifan nan kuwa na jiƙa tsumma na goge su gaba da baya, na juya tayar don man ya shiga ko'ina, har cikin ɗan akwatin da faifan ke ratsawa. Suka yi ƙyalli kamar sababbi. Daga ranar duk Juma'a in na gama da keken ɗinki sai in juya kan naka. Ina yi ina yi maka hira. Shi ne lokacin da na fi samun sauƙi a duk mako. Na tuna ka hana ni taɓawa, amma na ce ai yanzu babu mai yi in ban yi ba.

Ana nan sai ga Baba Gyang, dattijon nan ɗan Filato da ke jagorantar ƙungiyarku. Ya tsaya a bakin get bai shigo ba, ya ba Yaya Binta saƙo. Ya ce za su yi hawa na tunawa da kai ranar Asabar, kuma suna roƙon a bar Ummi ta shige gaba a kan kekenka. Yaya ta ce sam. Ta ce yarinya budurwa, ubanta bai daɗe a ƙasa ba, a gan ta a kan dutse cikin maza, me za a ce da gidan nan. Ummi ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana dubana. A karon farko tun rasuwarka na ga ta ɗaga kai ta dubi bangon. Na ce ta je. Na ce da kana nan da kai za ka ɗaura mata hular. Yaya ta yini ba ta yi mini magana ba.

Ka san al'adarku, ba ku faɗin inda za ku sai kun kama hanya, saboda halin da gari ke ciki. Amma da safiyar Asabar, Ummi tana ɗaure takalmi, ta matso ta ce mini a hankali Gangaren Abba za su, wato wurin nan da ka fi so a duwatsun bayan Sabon Tasha. Ta sauke keken, ta matsa birki biyu a tsaye, ta ce suna da ƙarfi. Ta shafa jikinsa ta ce, Mama, har yana ƙyalli. Na ji daɗi, ban gaya mata mai nake shafa masa ba. Aka ɗora shi a bayan mota tare da sauran kekuna suka tafi.

Hantsi ya ɗaga sai aka yi sallama. Oga Chinedu ne, mai gyaran kekenka na Kakuri. Ya ce yana share shago ya ga ɗan famfonka na shakazoba da ka manta a wurinsa, ya ga bai kamata ya riƙe ba. Ya tsaya a ƙofar falo ya miƙa wa Yaya. Har ya juya zai tafi sai idonsa ya kai ƙarƙashin ƙugiyar, inda na shimfiɗa kwali don kada mai ya ɓata tabarma. Kwalin duk ɗigo-ɗigo, ga kwalbar man a gefe.

Ya ce, “Madam, wannan mai na mene ne?”

Na gaya masa daga bayan labule, har da ɗan alfahari. Na ce ni nake kula da keken Malam duk Juma'a.

Ya ce, “Har faifan birki?”

Na ce, “Su ne ma suka fi tsatsa.”

Malam, sai mutumin nan ya ɗora hannu biyu a ka. Ya fara magana da sauri, Hausa da Turanci suna haɗuwa a bakinsa, sai da Yaya ta ce ya tsaya ya faɗa yadda za mu gane. Ya ce faifan nan su ne birki. Ya ce mai ko ɗigo ɗaya ba ya zuwa wurin, domin abin da ke kama faifan yana shan mai kamar soso. In ka matsa a tsaye za ka ji ƙarfi kamar lafiya lau. Sai ka hau gangara keken ya ɗauki gudu sannan za ka matsa ka ji yana ta tafiya abinsa. Ya dubi ƙugiyar da babu komai ya ce, yanzu ina keken?

Ban san lokacin da na fito daga bayan labulen ba.

Na kira wayar Ummi, muka ji tana ƙara a ɗakinta, a kan gado. Chinedu ya kira Baba Gyang, ba ta shiga. Ya kira wani, ya kira wani, duk ba sa shiga. Ya ce wurin duwatsun nan babu sabis, kuma yawancinsu a mota suke barin waya. Ya ce in gaya masa wurin zai je yanzu da motarsa. Shi gyara yake yi, bai taɓa bin ku ba. Na buɗe baki in yi kwatance, na ga ba ni da shi. Sau ɗaya ka taɓa kai ni, shekarun baya, ka ce in ga inda kake ɓata Asabar ɗinka. Ban san sunan ko layi ɗaya ba. Abin da na sani bishiyar mangwaro ce da coci mai shuɗin rufi. In na gani zan gane, amma ba zan iya faɗa ba.

Na zari hijabi na nufi ƙofa, na tarar da Yaya Binta ta riga ni, ta tare. Ta ce ina zan je da takabar ƙanenta a kaina, a motar wani namiji, unguwa duk ido. Ta ce tun farko ita ta ce kada yarinyar ta je. Ka san a gidanku mai takaba ko bakin get ba ta leƙawa, kuma tun da na zo gidan nan ban taɓa mayar wa Yaya magana ba.

Na ce, “Yaya, na binne ɗaya. Ki matsa.”

Ta dube ni, ta dubi kwalin nan mai ɗigon mai. Sai ta cire takalminta ta tura mini da ƙafa, don ni ban ma lura ba ni da takalmi ba. Ta ce, “Ki tafi. Duk mai tambaya ya zo wurina.”

Ban taɓa sanin Barnawa da Sabon Tasha suna da nisa haka ba. Muna isa kasuwa muka tarar tirela ta lalace ta tare rabin titi, motoci da napep sun cushe, babu gaba babu baya. Chinedu ya sauka daga kwalta ya bi gefen masu tumatir, ana zaginsa yana ba da haƙuri ta taga. Ni ina baya ina son in yi addu'a, duk wadda na kama sai ta tsinke a tsakiya. Ina ta lissafin abin da ka taɓa gaya mini, cewa ta bayan dutsen kuke hawa a hankali, wani wuri ma tura keke kuke yi, sai kun kai sama ku huta sannan ku gangaro. Wato a hawan ba za ta buƙaci birki ba. Babu abin da zai nuna mata. Kuma ita ce za ta fara sauka.

Na tuna yadda gangaren yake. Falalen dutse ne mai tsawo, a ƙarshensa hanya ta karya kwana, gefen kwanar kuma kwari ne mai ruwa da manyan duwatsu a ciki. Ranar da ka kai ni ka nuna mini kwanar ka ce duk gwanintar mutum a nan birki ne ke mayar da shi gida.

Muka fita gari, na fara neman mangwaron. Babu shi. An sare, an yi shaguna a wurin. Muka wuce, muka dawo, muka sake wucewa. Chinedu yana ta cewa Madam ki duba da kyau, ni kuwa duk hanyoyin sun zama iri ɗaya a idona. Na ce ya tsaya. Na sauka a tsakiyar hanya ina juyawa kamar mahaukaciya, sai na hango shuɗin rufi can bayan gonar masara. Wata mata mai gasa masara a bakin hanyar ta ce e, masu kekunan nan masu hula sun shiga tun da safe, har da yarinya a cikinsu.

Hanyar ta ƙare a wani rafi, nan muka ga motarsu a ajiye, babu kowa. Muka tsallaka da ƙafa. Takalmin Yaya ɗaya ya maƙale a laka na bar shi. Na yi gudu, Malam. Ni da ko saurin tafiya kake min dariya, na bar Chinedu a baya. Ƙaya tana kama hijabina ina fizgewa.

Na fito daga cikin ciyawa sai ga ni a ƙasan gangaren, daidai kwanar nan, kwarin yana gefena. Na ɗaga kai. Suna can sama a jere, sun cire huluna, da alama addu'a suka gama. Suna mayar da hulunan. Sai na ga sun buɗe hanya, wani ya turo keke gaba. Na gane shi tun daga nesa saboda ƙyallin faifan da na goge da hannuna.

Na ɗaga murya na kira Ummi. Ta dubo ƙasa. Ta gane ni. Daga baya ta gaya mini abin da ta zata: wai Yaya ce ta ci ƙarfina, na zo in mayar da ita gida a gaban abokan ubanta. Ta ce a ranta, bari ta sauka tukuna, in ya so a yi mata faɗan a ƙasa. Ina kallo ta gyara hula, ta sauke sirdi, ta ɗora ƙafa a feda. Chinedu ya iso yana ihun birki, birki, iska tana kwashe maganar. Na sake kiran Ummi. Tayar gaba ta hau bakin falalen.

Na shiga tsakiyar hanyar na tsaya, na buɗe hannuwa. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ji dai bakina ya buɗe.

“Maimuna!”

Dutsen ya maimaita shi. Sunan mahaifiyarka, sunan 'yata ta fari, a gaban maza fiye da goma, da muryar da ban san ina da ita ba.

Ta daskare. Ta sauke ƙafa ɗaya, ta damƙe birki biyu. Malam, har inda nake na ji kukan da keken ya yi, wata irin ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Kuma bai tsaya ba. Ya ci gaba da silalowa a hankali, tana jan ƙafa a kan dutse, takalminta yana zamewa, tana matsawa yana tafiya. Na ga kanta ya sunkuya tana duban hannuwanta, ba ta gane abin da ke faruwa ba. Baba Gyang ne ya yar da nasa keken ya yi tsalle ya cafki jakar bayanta. Su biyu suka zube a kan dutsen. Keken ya kwanta, ya ja jiki kaɗan, ya tsaya, tayar baya tana ta juyawa da ƙarar nan ta ƙudan zuma.

Na zauna a cikin laka.

Da ƙafa suka sauko, wani ya saɓo keken a kafaɗa. Ummi ta ƙuje gwiwar hannu, daidai inda kake ƙujewa. Baba Gyang yana ɗingishi. Ta zo ta durƙusa a gabana, na zata za ta tambayi abin da ya sami birkin. Sai ta ce, “Mama, me kika kira ni?”

Na ja hijabi na rufe fuska. Ta rungume ni a haka, muka yi ta kuka, mazan nan duk suka juya baya suna duban gona.

Da na samu numfashi na faɗa musu abin da na yi, ban rage komai ba. Chinedu ya shafa yatsa a faifan ya nuna musu. Babu wanda ya yi dariya. Baba Gyang ya ce laifin nasu ne su manya, keke ya yi watanni a rataye, aka ɗora wa yarinya ba wanda ya hau ya gwada shi ko a bakin get. Ya ce da kana nan da ka wanke su tas. Sannan ya dube ni ya ce, Hajiya, shekara nawa ina hawa dutsen nan ban san ana jin murya daga ƙasa ba, ashe ba a samu mai kira ba ne.

Mun dawo gida na tarar da Yaya a bakin get, ba takalmi, tana jiranmu. Ta shafa Ummi tun daga kai har ƙafa. Da aka ba ta labari ta ce keken nan gobe ya bar gidan nan. Sai Ummi ta gaya mata abin da ya sa ta tsaya. Yaya ta juyo ta ce, sunan uwata kika kira a bainar jama'a? Na sunkuyar da kai. Sai ta ce, “Da tana raye, da ita ma ta amsa.” Ta shige ɗaki, muna jin ta tana fyace hanci. Maƙwabta sun yi maganarsu a kan fitata, ita ta tare su kamar yadda ta ce. Malamin masallacinmu ya aiko cewa fitar lalura ce, in ci gaba da takabata.

Maganar keken kuwa ni aka bar wa. Na kwana biyu ina dubansa a bango. Ba zan ɓoye maka ba, na so in ce a fitar da shi. Duk lokacin da na rufe ido ina ganin tayar nan a bakin falalen. Amma na ga yadda yarinyar nan ta dawo zama a falo, har tana cin abinci a ƙarƙashinsa. Kuma keken bai yi mata komai ba. Rashin sani ne, nawa, da rashin faɗa, naka. Da ka gaya mini dalili tun ranar, Malam. Magana ɗaya ce.

Jiya Chinedu ya zo da kayan aiki. Ya cire abin da ya sha man ya sa sabo, ya wanke faifan da wani ruwa mai warin asibiti, ya hau ya gwada a layinmu har sai da tayar ta ja ƙasa. Na ce Ummi ta nuna mini komai da yatsa, inda mai ke zuwa da inda ba ya zuwa. Sarƙa kawai aka bar mini. Tsatsar faifan kuwa ashe ba komai ba ce, birki ɗaya ke share ta.

Da ya gama ya ce saura abu ɗaya. Ya ce iskar da ke cikin shakazoba ta nauyinka ce, ta yi wa Ummi tauri, a kan duwatsu keken zai riƙa cilla ta. Dole a rage. Ummi ta ce a'a, a bar shi haka, kai ka sa ta da hannunka. Ta tsaya tsakaninsa da keken. Ni ma abin da ke raina ke nan, don duk gidan nan babu sauran abin da ya san nauyinka sai shi. Amma na riga na ga inda irin wannan son yake kai mutum.

Na tashi na riƙe kan keken kamar yadda na riƙe maka ranar farko. Na ce ta hau. Ta hau tana hawaye. Chinedu ya ɗaura ɗan famfonka ya miƙo mini, ya nuna mini inda zan danna. Na danna. Iskar ta fita a hankali, 'yar ƙara kaɗan, kamar ajiyar zuciya. Keken ya lotsa a ƙarƙashinta. Ta dubi zoben robar ta ce ya yi.

Asabar mai zuwa za su koma su ƙarasa abin da suka fara. Ni ina gida, takabata ba ta cika ba. Na san ba zan iya karyawa ba sai na ji ƙarar nan a bakin get. Na saba, kai ka koya mini.

Ka ce wata rana sai na faɗi sunan kana ji. Ban sani ba ko ka ji. Na dai faɗa, kuma ban sake ba tun ranar, kunyar ta dawo wurinta. Amma a nan zan sake rubuta shi sau ɗaya, don addu'a ba ta son ɓoye-ɓoye.

Ya Allah ka jiƙan Malam, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljanna. Ka saka wa Yaya Binta da alheri. Ka ba Baba Gyang lafiyar ƙafarsa, ka buɗa wa Chinedu a sana'arsa. Ya Allah ga Maimuna nan za ta hau dutse a kan keken ubanta. Ka riƙe ta a inda hannuna ba ya kaiwa, ka tsayar da ita a kwanar nan, ka dawo mini da ita bakin get. Amin.

Taka har kullum,
Maman Ummi
Barnawa